Tambaya da Amsa: Kayan Motsa Jiki a Gida Maimakon Biyan Kuɗin Wata

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan daga Damagaram da kewayenta sun zo ne a kan magana guda, wato wane irin kaya ya kamata mutum ya ajiye a gidansa idan ba ya son zuwa gidan motsa jiki, ko kuma ba shi da halin zuwa. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita masu tsawo, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin ofis ne, shekaruna 44, ina zaune a Sabon Gari. Wata bakwai ke nan ina biyan jika goma duk wata a wani gidan motsa jiki, amma da ƙyar nake zuwa sau shida a wata, domin ina tashi aiki a gajiye, wurin kuma da nisa. Wani abokina mai zuwa Kano saro kaya ya ce zai iya taho mini da injin gudu mai aiki da lantarki, sabo ko na hannu. Na lissafa na ga cikin ƴan shekaru kuɗina zai dawo. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Lissafinka yana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin wanda yake biyan jika goma ya je sau shida, kowane zuwa yana cin masa fiye da jika ɗaya da rabi, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Inda lissafin ya karkace shi ne da ka ɗauka cewa ranar da injin ya shigo gidanka gajiyar aiki za ta bar ka. Na shiga gidaje da dama a garin nan na tarar da irin wannan injin a kusurwar falo an shanya masa tawul da kayan yara, kuma kowane mai gida da irin lissafinka ya saye shi. Saboda haka, kafin ka ba abokinka ko dala, ka gwada kanka wata guda: bayan sallar asuba ka sa takalmi ka yi tafiya mai sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Wannan ya kai ka minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa babban mutum a ƙa'idojinta na shekarar 2020, inda ta ce minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Idan ka cika watan ba fashi, ka cancanci sayen kaya. Idan ka kasa, ka tsira da kuɗinka.

Ko ka ci wannan jarrabawa, ba injin gudu zan fara nuna maka ba, kuma dalilaina na garin nan ne. Injin gida yakan zo da mota, wato na'urar lantarkin da ke juya shi, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi zuwa uku, kuma ƙarfin doki ɗaya ya kai wat 746, ke nan mai doki biyu idan aka matsa masa zai iya jan wutar da ta kusa wat 1,500, kwatankwacin fanka ashirin suna juyawa lokaci guda. Tafiya a hankali ba ta jan haka, amma duk da haka za ka gani a takardar kuɗin wuta, kuma ƙaramin janareta ko ƴan faifan hasken rana na fitila da cajin waya ba za su ɗauke shi ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗaukewar wuta kana tsakiyar gudu, domin bel ɗin, wato shimfiɗar da kake takawa, yana tsayawa ne jikinka kuwa yana ci gaba, sannan wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce ke ƙona allon lantarkin da ke sarrafa motar. Wanda ya sayi injin ba tare da na'urar daidaita wuta ba, ya sayi rabin kaya ne.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga a Damagaram, ko an rufe ƙofa da taga. Ƙurar nan tana shiga tsakanin bel da katakon da yake zamewa a kai, gogayya ta ƙaru, motar ta riƙa jan wuta fiye da kima tana zafi, ga kuma zafin Afrilu da Mayu da yakan haura digiri 40. Maganinsa shi ne rufe injin da zane bayan kowane amfani, share ƙarƙashinsa, da shafa man silikon a ƙarƙashin bel lokaci-lokaci. Kada wani ya ce maka man inji ko giris zai wadatar, domin lalata bel ɗin suke yi. Ka kuma tambayi kanka wa zai gyara shi ranar da ya tsaya, kuma daga ina za a samo bel ko allon da ya yi daidai da samfurinsa, domin tafiyar kilomita sama da 200 zuwa Kano neman kayan gyara ba ta cikin lissafin da ka aiko mini.

Idan duk da haka zuciyarka ta kafe a kansa, to kada ka sayi kifi a ruwa. Ka sa abokinka ya duba farantin da ke maƙale a jikin injin: namu lantarkin bolt 220 ne, injin gwanjo da ya fito daga Amurka kuwa na bolt 110 zuwa 120 ne, ranar da aka jona shi kai tsaye ranar zai ƙone. Ya duba ƙarfin motar na ci gaba da aiki, domin masu talla sun fi son rubuta ƙarfin ƙololuwa wanda motar ba ta iya riƙewa sai na ɗan lokaci. Ya duba iyakar nauyin da aka rubuta, ta fi nauyinka da kilo 15 ko 20. Mai niyyar gudu yana buƙatar bel mai tsawon santimita 120 zuwa sama da faɗin kusan 45. Sannan mutum mai nauyi ya hau ya yi tafiyar minti 15 a gaban mai sayarwa, a saurara ko bel yana zamewa, ko akwai ƙaurin ƙuna, domin injin da ya juya lafiya babu kowa a kansa bai faɗi komai ba tukuna. Kuma idan akwai ƙananan yara a gidan, a cire mabuɗin tsaro a kulle ɗakin, domin bel mai juyawa yana jan hannun yaro ya saɓule masa fata. A watan Mayu na 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye wani samfurin injin gudunsa daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro da raunata wasu da dama.

Wani abin dariya da ba dariya ba: kakan wannan injin, wanda wani injiniyan Ingila mai suna William Cubitt ya ƙera a 1818, don horon fursunoni aka yi shi. Mutumin da yake da titi a buɗe da iskar asuba, ban ga abin da zai sa ya biya kuɗi mai yawa don ya taka wuri ɗaya yana kallon bango ba. Abin da titi ba zai ba ka ba shi ne aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyun nan, kuma a nan ne kuɗinka zai yi amfani: takalmi mai kyau, ƙarafan ɗagawa na hannu guda biyu waɗanda ake ƙara musu faifai, da tabarma mai kauri. Game da gidan motsa jikin kuwa, kada ka raina abin da yake ba ka, wato mai koyarwa da zai gyara maka tsayuwa da abokan da za su tambayi dalilin rashin ganinka. Ka tambaye su ko suna karɓar kuɗin zuwa ɗaɗɗaya, ka riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, sauran ka yi a gida.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Birni, ƴaƴana huɗu, na ƙarshen watansa takwas. Tun da na haihu cikina bai koma ba. Maigidana bai yarda in je inda maza suke motsa jiki ba, ni ma ban so. Ina ganin tallar wata ɗamara a Facebook, wata mai girgiza ciki, wata mai sa zufa, an ce suna narkar da teɓa. Wacce zan saya?

AMSA: Ƴata, kada ki sayi ko ɗaya. Ɗamarar zufa ruwa take fitarwa daga jikinki, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, shi ya sa sikeli yake nuna raguwa, amma da zarar kin sha ruwa nauyin ya dawo. Ga mai shayarwa a zafin garin nan, asarar ruwa cutarwa ce. Mai girgizar kuwa fata take kaɗawa kawai. Jiki ba ya ƙona kitsen wurin da aka matsa ko aka girgiza. Idan abin da kike ƙonawa ya fi abin da kike ci, yana ɗebo kitse ne daga ko'ina, kuma sau da yawa na ciki ne yake jinkirin tafiya. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, kusan 7,700, gwangwanin lemo ɗaya kuwa yana da kusan 140, saboda haka rage lemo da sukarin shayi da na kunu zai yi miki aikin da ɗamara goma ba za su yi ba. Amma kada ki horar da kanki da yunwa alhali kina shayarwa.

Akwai wani abu da nake so ki fara dubawa, domin ba kowane cikin da ya ƙi komawa bayan haihuwa ne kitse ba. Tsokar gaban ciki ɓari biyu ce, juna biyu yakan raba su, wani lokaci kuma ba sa haɗewa da wuri, musamman ga wadda ta haihu sau da yawa. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwoyi, ki ɗago kai kaɗan, ki danna yatsu a saman cibiya. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse a tsakani, ko kika ga tsakiyar cikin yana tasowa kamar kunyar gona, to ki bar atisayen nan na tashi zaune daga kwance, domin ƙara buɗa wurin yake yi, ki nuna wa ungozoma ko likita. Haka nan idan tiyata aka yi miki, sai da izininsu.

Kayan da za su yi miki amfani ba su da tsada. Na farko shi ne robar ja mai talewa, wadda ake takawa da ƙafa a ja da hannu, ko a ɗaura a ginshiƙi. Da ita za ki yi aikin baya da kafaɗa da cinya ba tare da kin bar ɗakinki ba. Aibinta ɗaya ne, zafi da rana suna busar da ita ta tsage, don haka a ajiye ta a inuwa cikin jaka, a duba ta kafin kowane amfani, kuma kada a ja ta saitin fuska. Robar cikin tayar keke da aka wanke tana yin kusan wannan aikin. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, idan kuma kika cika ta da yashi za ta kusa kilo biyu da rabi, kin ga kin sami abin ɗagawa ke nan. Igiyar tsalle ma kayan kirki ce, kuma ana auna tsawonta ne ta taka tsakiyarta a ga hannuwanta sun kai hammata, sai dai ke ki dakata da ita tukuna. Idan fitsari yana zubo miki lokacin tari ko atishawa, alama ce tsokar ƙasan mara ba ta gama ƙarfi ba, tsalle kuma zai ƙara matsalar. Ki fara da matse wannan tsokar kamar mai riƙe fitsari, daƙiƙa biyar a saki, sau goma, sau uku a yini.

Iyayenmu mata da suke surfe da daka da jan ruwa a rijiya ba su san sunan motsa jiki ba, amma shi suke yi, kuma injin niƙa ne ya karɓe musu shi. Ban ce ki koma wa wahala ba, amma turmi da taɓarya idan suna gidan, dakan minti goma zai sa ki haki fiye da yadda kike zato. Zagaya tsakar gida da sauri na minti 20 bayan la'asar, ke da maƙwabciya ko abokiyar zama, ya fi ɗorewa a kan yin shi ke kaɗai. Maimakon sikeli kuma, ki ari tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugunki saitin cibiya sau ɗaya a wata. Abin nema shi ne ya kasance ƙasa da rabin tsayinki.

TAMBAYA: Baba Malam, shekaruna 19, daga Garin Malam. Ina son jikina ya murɗe, ina kuma sha'awar kokowa. Ni da abokaina muna zuba siminti a gwangwani mu soka ƙarfe a tsakiya mu riƙa ɗagawa. Wani ya ce wannan ba ya gina jiki sai na kanti. Kuma akwai ƙwayoyin da ake cewa suna sa jiki ya buɗe da wuri. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗana, wanda ya gaya maka haka bai san tsoka ba, domin tsoka nauyi ta sani, ba ta san farashi ba. Na ga samari a unguwannin garin nan da suka gina ƙirji da damtse da siminti da tsofaffin ƙarafan mota. Matsalar kayan haɗin gida a wani wurin take: ba ku san nauyinsu ba, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya, siminti yakan tsage ya faɗo a kan ƙafa ko fuska, kuma ba a iya ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan. Duk waɗannan suna da gyara. Lita ɗaya ta kankare ta kai kusan kilo 2.4, ke nan gwangwani mai lita biyar zai ba ka kusan kilo 12. Ku yi amfani da gwangwanaye iri ɗaya, ku sa guntayen rodi ko waya a cikin kwaɓin, mai walda ya liƙa ƙusa a gicciye a ƙarshen bututun don kada ya zare, ku riƙa yayyafa masa ruwa har mako guda kafin ku taɓa shi. Bayan haka ku kai wa mai sikeli a Kasuwar Dole ya auna, ku rubuta nauyin a jiki da fenti. Ku yi masu nauyi daban-daban, kada ku yi ƙato guda ɗaya kowa yana gwada ƙarfinsa a kai, domin nan ne baya yake tafiya.

Ranar da ka tara kuɗin na kanti, ka sayi sanda da faifai masu cirewa, kuma ka lura da faɗin ramin faifan, domin akwai na milimita 25, da 28, da 30, akwai kuma na 50 irin na gasar Olamfik, wanda sandarsa ta maza take da kilo 20 da tsawon mita 2.20. Mutane da yawa sun sayi sanda a wuri ɗaya, faifai a wani wurin, suka dawo gida suka tarar ba sa shiga juna. Amma kafin wannan duka, abin da na fi so ku haɗa kuɗi ku yi shi ne sandar lilo: ginshiƙai biyu na ƙarfe a binne su da zurfi cikin kankare, a gitta bututu a sama. Irin wadda ake maƙalawa a bakin ƙofa ba ta dace da ginin ƙasa ba, za ta ɓalle da kai.

Tsarin aikin shi ne ka zaɓi nauyin da za ka iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 da tsayuwa mai kyau, ka yi zagaye uku, ranar da 12 ta zama wasa ka ƙara kaɗan, kuma ka bar tsokar da ka wahalar ta huta kwana biyu, domin a lokacin hutu da barci take girma. Kada ka kwanta a benci da ƙarfe a saman ƙirjinka babu wanda yake tsaye a kanka. Tunda kuma kokowa kake so, ka kalli waɗanda suke fafatawa a gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975: ba faɗin ƙirji ne yake kayar da mutum ba, cinya ce da ƙugu da riƙo. Samari sun cika son damtse saboda shi ake gani a riga, suna barin ƙafafu kamar sillan kara. Tsugunno da buhun yashi a kafaɗa, da tafiya ɗauke da jarka biyu masu lita 20 cike da ruwa, ɗaya a kowane hannu, za su ba ka abin da fili yake nema.

Maganar ƙwaya kuwa, ka ji ni da kyau. Wadda ake kira sha ka fashe, yawanci dezametazon ce ko a haɗa ta da maganin buɗe ciki. Kumburi take sawa da tara ruwa da kitse a fuska da ciki, tana cinye tsokar da kake nema, tana kuma jawo ciwon sukari da hawan jini. Allurai da ƙwayoyin gina tsoka na gaske suna ƙanƙantar da ƴaƴan maraina, suna iya hana haihuwa, suna taɓa hanta da zuciya. Tiramol kuma ɓoye maka ciwo yake yi har ka ji wa kanka rauni ba ka sani ba, ga jaraba ga farfaɗiya. Abin da jikinka yake buƙata yana kasuwa: wake, ƙuli-ƙuli, awara, nono, kifi, fara a lokacinta, da ƙwai wanda kowane ɗaya yake da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu yana Mirya, shekarunsa 67, yana da hawan jini da ciwon sukari, gwiwoyinsa kuma suna damunsa. Mu ƴaƴansa muna so mu haɗa kuɗi mu saya masa keken motsa jiki na ɗaka. Ya dace?

AMSA: Allah ya yi muku albarka, a kuma gaishe mana da Baba. A cikin manyan injina, keken ɗaka ne kaɗai nake yabawa ba tare da jinkiri ba, domin sirdi ne yake ɗaukar nauyin jiki, gwiwa tana motsi ba tare da duka ba, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar a jona su da wuta, sai ƙananan batura na allon ƙidaya. Iri biyu ne ta fuskar birki: akwai mai matse ƙafar keken da ƙyalle ko fata, wanda yake ci yana ƙara, ƙura kuma tana saurin lalata shi, akwai mai maganaɗisu wanda babu abin da yake gogar wani a cikinsa. Ku nemi na biyun. Idan kun sami mai kujera da majingina, wanda ake tuƙawa ƙafafu suna gaba, ya fi wa dattijo sauƙin hawa da sauka, ya kuma fi sauƙi ga baya. A daidaita sirdin yadda gwiwa za ta ɗan tanƙwashe kaɗan idan feda ta kai ƙasa, domin sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ne yake ƙara ciwon gwiwa. Idan kuɗin bai kai ba, mai walda zai iya yi wa keken gida maɗauri ya ɗaga tayar baya, amma a tabbata ba ya rawa.

Sai dai kafin keken, ku kai shi wurin likitan da yake duba shi a ji ta bakinsa, ku kuma sayi na'urar awon hawan jini ta damtse, domin ta fi keken muhimmanci. Daga 14/9, wato 140/90 a allon na'urar, ake kiran jini ya hau. Ranar da awo ya kai 18/11, babu hawa keke, asibiti za a nufa. Idan yana shan maganin da ke saukar da sukari ko yana allurar insulin, kada ya hau da yunwa, a ajiye dabino ko ƙwayar sukari kusa da shi, domin rawar jiki da zufa mai sanyi da jiri alamu ne na sukari ya faɗi, wato ƙasa da giram 0.70 a lita. Ya sa takalmi rufaffe, a riƙa duba tafin ƙafarsa, domin mai ciwon sukari yakan ji rauni bai sani ba. Ya fara da minti biyar zuwa goma, a ƙara a hankali, kuma ma'aunin shi ne ya iya magana yana tuƙi. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi isa, ko duhun gani, a tsaya nan take.

Keke ba ya koya wa mutum tsayuwa, faɗuwa kuwa ita ce babbar barazana ga tsofaffi, shi ya sa aka shawarci waɗanda suka kai 65 su yi atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfi kwana uku a mako. Kujera mai ƙwari ta isa: ya zauna ya tashi sau goma ba tare da riƙe numfashi ba, sannan ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya na ƴan daƙiƙu, ya sauya. Kuma kada keken ya zama dalilin da zai daina takawa zuwa masallaci da majalisar abokansa.

TAMBAYA: Wane lokaci ya fi dacewa da motsa jiki a bazara, da kuma a watan azumi?

AMSA: A bazara, bayan asuba, kafin kwano ya ɗauki zafi, wanda ɗakinsa na kwano ne babu silin, ya fito da kayansa tsakar gida. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama, kuma fitsarin da ya yi duhu alama ce ruwan bai isa ba. A azumi, aiki mai nauyi sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa baki, ko bayan tarawihi. Wanda ya fi son kafin magariba ya tsaya a tafiya marar tsanani ta minti 20 dab da shan ruwa, mai ciwon sukari kuwa ya bar wannan lokacin gaba ɗaya, domin a ƙarshen yini ne sukarinsa ya fi kusa da faɗuwa.